Ƙidayar da ta ƙi kaiwa goma

Ranar da na fara zaman horar da hankali da ake kira meditation da Turanci, na saita agogon wayata a kan minti goma, na kife ta a gefe, na harɗe ƙafa a kan darduma, na ce bari in ga abin da zai gagare ni a nan. Umarnin da na karanta bai fi layi uku ba: ka zauna a miƙe, ka bi numfashinka, duk fitar numfashi ka ƙirga ɗaya, in ka kai goma ka koma farko, in ka ɓace a hanya ma ka koma farko. Na ƙirga ɗaya. Na ƙirga biyu. Ina jin na kai uku. Abin da na farga da shi bayan nan shi ne ina tsakiyar mayar wa wani abokin aikina martani a kan maganar da ya yaɓa mini wata biyu da suka wuce. Na samo amsa mai zafi, irin wadda da a lokacin na ba shi ita da bai ƙara ba, har ina ganin yadda fuskarsa za ta koma. Sai agogo ya kaɗa.

Na tashi ina yi wa kaina dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai ɗan tsoro. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, mai iyali, wanda ake damƙa wa lissafin albashin jama'a, ya kasa ƙirga goma.

Ba wani babban buri ne ya kai ni ba. Ina wuni a gaban kwamfuta, kuma na kai matsayin da in na kwanta da dare kaina ba ya yarda an tashi daga aiki, sai ya yi ta saƙa da warwara har ƙarfe biyu. Likitan da na gani a kan rashin barcin ne ya ambata mini wani shiri da Jon Kabat-Zinn ya kafa a 1979 a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, inda ake koya wa masu fama da ciwo mai naci da damuwa yadda za su zauna da hankalinsu. Shirin mako takwas ne, kuma ana son mutum ya riƙa yin kimanin minti 45 kullum a gida. Na ce 45 ta yi mini yawa, zan fara da goma in gani.

Sunan da aka fi fassara abin da shi a Hausa, wato zuzzurfan tunani, ya ɓatar da ni a farko. Na ɗauka zan zauna ne in nutsa cikin manyan tambayoyin rayuwa. Ashe tunani shi ne abin da za a riƙa sakin hannunsa. Mutanen Japan suna ce wa nasu zazen, kuma "za" ɗin nan ma'anarsa zama kawai. Ni ma yanzu haka nake ce masa a gida, zama. Kuma kafin wani ya tambaye ni, don an sha tambayata: ban ɗauke shi ibada ba, ban kuma taɓa komai daga abin da na yi imani da shi ba. Gaskiya ne mafi yawan bayanan dalla-dalla a kan wannan zama daga mabiya addinin Buddha suka fito, domin su suka shafe sama da shekara dubu biyu suna yi suna rubuta abin da suka tarar. Abin da na ɗauka a wurinsu shi ne wanda ya shafi gwiwa da gyangyaɗi da yawon hankali, kamar yadda za ka koyi ɗinki a hannun wanda ba addininku ɗaya ba.

Makon farko a kan ƙafa ya ƙare. Hotunan da na gani sun nuna mutane sun ɗora kowace ƙafa a kan cinyar 'yar'uwarta, baya a miƙe kamar sanda, fuska ba alamar wahala. Na ce to, haka ake yi ke nan. Na kama ƙafar dama da hannu biyu na ja ta na ɗora a cinyar hagu, gwiwa ta yi sama tana lilo, na danne ta da ƙarfi. Kafin minti biyar minjirya ta kama ni daga idon sawu har ƙwauri, kafin agogo ya kaɗa ƙafar ta mutu murus, in na taɓa ta kamar ta wani. A rana ta huɗu na miƙe da sauri, ƙafar ta ƙi ɗaukata, na tafi luu sai da na dafe bango. Bayan 'yan kwanaki wani ciwo ya samu wurin zama a gwiwata ta dama, ta ɓangaren ciki, wanda ko na tashi ba ya tafiya.

Yayata ta daɗe tana aiki a sashen da ake yi wa marasa lafiya gashi da motsa gaɓoɓi. Ta zo gidan ta tarar ina ɗingishi, da na nuna mata yadda nake zama sai ta riƙe haɓa.

"Kai yanzu da girmanka, wa ya aike ka?"

"Yaya, haka na ga ana yi."

"Waɗanda ka gani sun yi shekaru suna sassauta ƙugunsu. Kai shekara ashirin kana kan kujera. Sauko in nuna maka, ƙanena, kafin ka zo mini a kan sanda."

Ta ce gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, buɗewa da rufewa ta fi sani. Juyawar da irin wannan zama ke bukata daga ƙugu ya kamata ta fito, inda kan ƙashin cinya yake a dunƙule yana juyawa cikin gurbinsa. In ƙugu ya ƙi ba da hanya aka matsa, gwiwa ce ke biyan bashin, guringuntsin da ke cikinta ya yi ta murɗewa. Mutuwar ƙafa kuma, ta ce, yawanci danne jijiya ne. Ta laluba gefen waje na ƙafata, ƙasa da gwiwa kaɗan, ta danna wani wuri a kan ƙashi, na ji abu ya tsarga har yatsu. Ta ce a nan wata jijiya take wucewa dab da fata. In ƙafa ta mutu ta farfaɗo cikin 'yan mintuna, ba abin damuwa ba ne, in jira ta dawo kafin in miƙe. In kuwa ta ɗauki sa'o'i, ko na kasa ɗaga tafin ƙafar sama, to in nemi likita. Ciwo mai suka a cikin gaɓa kuma, ta ce, ba a yin jarumta da shi.

Maganin da ta ba ni ya kusa ba ni haushi saboda sauƙinsa. Ta ninke bargo biyu suka yi tudu, ta ce in zauna a bakinsu, kada in zauna a tsakiya, ta yadda ƙuguna zai fi gwiwoyina tsawo. Ƙafafu kuma su kwanta a ƙasa, ɗaya a gaban ɗaya, ba wadda ta hau wata. Daga baya na ji ana kiran wannan zaman 'yan ƙasar Bama, wato Myanmar. Nan take gwiwoyin suka sauka suka taɓa ƙasa, nauyina ya rabu uku kamar tukunya a kan murhu, bayana ya miƙe da kansa ba tare da na ɗaure shi ba. Ta ce in wannan ma ya gagara in hau kujera, tafin ƙafa a ƙasa, kada in jingina. Ba a rubuta lada a kan wahalar gwiwa ba.

Can gaba na ci karo da umarnin zama da Dogen, malamin Zen, wani reshe na addinin Buddha a Japan, ya rubuta bayan dawowarsa daga ƙasar Sin a 1227. Na yi mamakin yadda mutumin da ake ɗauka babban masanin falsafa ya tsaya a kan ƙananan abubuwa: a sassauta tufafi da ɗamara, a ci a sha daidai misali, kunnuwa su yi daidai da kafaɗu, hanci ya yi daidai da cibiya, harshe ya manne a dasashin sama, ido a buɗe, a ɗan karkata hagu da dama kafin a tsaya cak. Hannun hagu a kan tafin dama, manyan yatsu suna taɓa juna. Shi dai ya ce a harɗe ƙafa irin wadda ta ji mini ciwo, ko rabinta. A nan na bi Yaya na bar Dogen. Amma maganar harshe ta raba ni da wata 'yar matsala da nake jin kunyar faɗa, wato yawu da ke taruwa in yi ta haɗiya da ƙara. Ƙaiƙayi kuwa ban samo masa wata dabara ba sai ta kallo. In ka sa masa ido ba ka sosa ba, yakan yi ƙarfi, ya yi kamar zai kashe ka, sannan ya ɓace ya ɓullo a wani wuri. Wani lokaci nakan sosa abina in wuce.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da jiki ya samu daɗi sai barci ya ce ga shi nan.

A lokacin da dare nake zama, bayan an ci abinci yara sun kwanta, fitila a kashe, ido a rufe. Sai na fara samun wani yanayi mai laushi, tunani ya yi ƙasa, jiki ya yi nauyi, minti goma sha biyar su wuce kamar ƙiftawar ido. Na ce alhamdu lillahi, an fara isa wurin. Na yi kusan mako biyu ina jin kaina, har ranar da matata ta leƙo ta ce, "Maigida, ita wannan natsuwar taka har da minshari ake yinta?"

Gyangyaɗin zama mayaudari ne domin ba ya zuwa da sallama, kuma kamarsa ɗaya da natsuwa. Sai da na koyi alamunsa. Ƙidaya takan koma wani abu marar kai, ka ji kana cewa shida amma shidan ta zama wata mota da ke jiran wani. Haɓa takan sauko ƙirji. Manyan yatsun nan da Dogen ya ce su taɓa juna sukan rabu su zube, kuma na gane amfaninsu ke nan, su ne 'yan rahoto. A tsofaffin littattafan Buddha na harshen Pali akwai labarin wani babban almajirinsa, Moggallana, da aka tarar yana gyangyaɗi a wurin zama. Shawarwarin da aka ba shi sun haɗa da ya ja kunnuwansa, ya murza gaɓoɓinsa, ya tashi ya wanke ido da ruwa ya dubi taurari, ya yi ta kai da kawowa. Na ƙarshensu shi ya fi burge ni: in duk wannan bai yi ba, ya je ya kwanta. Na lissafa na ga barcin da nake samu bai wuce awa biyar ba. Mai bashin barci in ya zauna shiru ya rufe ido, mai bin bashin ne zai fara shigowa.

Na mayar da zaman safiya, bayan na wanke fuska da ruwan sanyi. Na daina rufe ido ruf, na bar shi rabi a buɗe yana kallon ƙasa kamar taku ɗaya a gabana. In duk da haka kaina ya fara nauyi sai in miƙe tsaye in ci gaba da ƙidaya, ko in yi tafiyar da 'yan Zen ke yi tsakanin zama da zama, rabin taku a kowane numfashi. Mai kallo zai ce ba ni da lafiya.

To, yanzu ido biyu nake, jiki ba ciwo, sai na yi arba da ainihin abin da na zo nema na kuma fi tsoro. Kaina kasuwa ne. Ban san haka yake ba sai da na yi shiru. Na ɗan samu sanyi da na karanta binciken da Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar Science a 2010. Sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban, me kake yi, kuma ina hankalinka yake. A kusan kashi 47 cikin ɗari na amsoshin, hankalin mutum ba ya kan abin da yake yi. Wani binciken da Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya jagoranta a 2014 ya fi ba ni dariya. An bar mutane su kaɗai a ɗaki, ba waya ba littafi, na ɗan lokacin da bai wuce minti 15 ba, aka bar musu wani maɓalli da in sun danna lantarki zai ɗan ja su. Maza 12 cikin 18 sun danna, mata 6 cikin 24. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Ni da a ce an ba ni maɓallin nan a watan farko, da na danna.

Kuskuren da na yi shi ne na ɗaura ɗamarar yaƙi. Tunani ya zo in kore shi, in murtuke fuska, in matse numfashi. Ina korar ɗaya uku na shigowa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Wegner, ya nuna wannan tun 1987: ya ce wa mutane kada su tuna da farar dabbar nan ta ƙanƙara mai kama da ƙaton kare, in ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Don ka tabbatar ba ka tuna abu ba, dole wani sashe na kanka ya riƙa leƙawa ko abin ya zo, leƙen nan kuwa shi ne tunawar.

Misalin da ya gyara mini fahimta na Buddhaghosa ne, wani malami da ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5. Ya kwatanta hankali da ɗan maraƙin da ake son horarwa. Akan ɗaure shi a turke, ya yi ta tsalle yana fizga, in ya gaji ya kwanta a gindin turken. Numfashi shi ne turken. Ba a ce ka hau maraƙin ka danne shi ba, aikinka igiya kada ta kwance. Shi ne kuma ya yi bayanin abin da ya sa ake ƙidaya yadda ake yi: kada a tsaya ƙasa da biyar, don hankali zai takura kamar garken shanu a ƙaramin shinge, kada kuma a wuce goma, don hankali zai bar numfashi ya koma bin lamba. Wannan na biyun na gan shi da idona. Sau da yawa nakan farka in ji ina cewa goma sha bakwai, ashirin da uku, baki na ƙidaya shi kaɗai, mai shi yana can wani gari.

A nan ne na daɗe, kuma a nan ne nake ganin duk abin da na koya yake. Na lura cewa ɓacewar kanta ba ta cin lokaci sosai. Abin da ke cinye zaman shi ne abin da ke biyo bayan na farga. Wata murya takan taso: ka gani ko, ka sake, wata biyu kana abu ɗaya, kai dai ba ka iya komai ba. Sai in shiga kare kaina, ko in shiga lissafin sau nawa na ɓace yau, ko in fara tsara yadda gobe zan fi haka. Duk wannan ma tunani ne, ya dai sa rigar alƙali. Wata safiya abin ya faɗo mini a sarari: a duk tsawon zaman, lokacin da na farga cewa na ɓace shi ne lokacin da nake a farke da gaske. Shi ne kuma lokacin da nake dukan kaina. Kamar akuya ce ta ɓace ta dawo gida da ƙafarta, ka tarye ta da sanda a bakin ƙofa. Gobe sai ta ƙara daɗewa a waje.

Na fara gwada wani abu. In na farga, sai in ba abin suna a zuci, kalma ɗaya, ba faɗa: "shiri", ko "gardama", ko "jiya". Sannan in ce ɗaya. Ba sauƙi ba ne, muryar alƙalin ta girme wa zaman da shekaru masu yawa, a makaranta da wurin aiki ma ita ke bina. Amma sanya sunan ya tona mini wani asiri mai ban kunya. Na zaci kaina teku ne, ashe kududdufi ne da kwaɗi huɗu. Gardamar da ban ci ba, kuɗin da ban biya ba, aikin gobe, da yadda mutane ke ganina. Su ke nan, suna canja kaya suna dawowa.

Akwai kuma wata 'yar matsala da ban ga an cika faɗarta ba. Da zarar na sa wa numfashi ido sai ya daina tafiya da kansa, in koma ni ke jansa ni ke tura shi, har in ji kamar iska ba ta isata. Abin da ya taimake ni shi ne in na fitar da numfashi in dakata, kada in jawo na gaba, in jira ya zo. Kullum yana zuwa. Na kuma sauko da hankalina daga hanci zuwa ciki, inda tashi da saukarsa suka fi faɗi.

A wata na uku na samu wani zama da har yau ina tunawa. Na kai goma, na sake kaiwa, na sake, sannan ƙidayar ta faɗi da kanta. Komai ya yi tsit, ƙarar da ke waje tana shigowa tana fita ba ta taɓa komai. Na tashi kamar an yi mini wanka ta ciki. Wannan zaman shi ya kusa kashe mini abin gaba ɗaya, domin washegari na zauna ina jiran ya dawo. Bai dawo ba. Na gyara bargo yadda yake ranar, na zauna a daidai lokacin, shiru. Kowane zama ya koma awo da wancan, kowanne kuma ya gaza. Daga nan gundura ta shigo, bayanta kokwanto. Me wannan yake ƙara mini? Da motsa jiki na yi da lokacin nan ba zai fi ba? Wataƙila an yi shi ne don wasu irin mutane. Na tsallake rana ɗaya saboda tafiya, ta zama uku, ta zama mako uku.

Tsofaffin littattafan nan sun lissafa abubuwa biyar da ke tare mai zama, suka kwatanta kowanne da ruwan da mutum ke son ganin fuskarsa a ciki. Kwaɗayi ruwa ne da aka zuba wa rini, ƙiyayya ruwa ne mai tafasa, kasala da gyangyaɗi ruwa ne da gansakuka ta rufe, rashin sukuni ruwa ne da iska ke kaɗawa, kokwanto kuma ruwa ne mai laka da aka ajiye a duhu. A ganina na ƙarshen ya fi sauran haɗari. Sauran huɗun suna zuwa ne kana zaune, ka gan su. Shi kokwanto yana zuwa da muryar mai hankali, da hujjoji masu kyau, ya hana ka zaman ma tun farko.

Na dawo ne ta ƙaramar ƙofa. Na karanta binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan a kan yadda sabon abu ke zama ɗabi'a. A cikin waɗanda suka bi, matsakaicin lokacin ya kai kwana 66, wasu 18 ya ishe su, wasu an ƙiyasta sai sun yi 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ni kuwa da na ɗauka in an fasa sau ɗaya an koma sifili. Na yi wa kaina doka ɗaya: bayan wanke fuska, mazaunina zai taɓa bargon nan, ko da minti biyar ne. Ban yi alkawarin natsuwa ba, ban yi alkawarin kaiwa goma ba. Na riƙa ƙara biyar-biyar duk bayan 'yan makonni har na tsaya a 25.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wajen wata na bakwai, ina zaune lafiya lau, ina sauraron numfashina, sai na ji ba nawa nake ji ba. Na mahaifina ne, a darensa na ƙarshe a asibiti, yadda yake ja da ƙyar, ya tsaya, mu riƙe namu, ya sake ja. Shekara shida ke nan, kuma na ɗauka na gama da wannan daren. Ƙirjina ya ɗaure, zuciyata ta hau bugu, hawaye suka zubo ba tare da na yi niyya ba. Na daure na kai ƙarshen lokacin don ina ganin tashi gazawa ce. Washegari ya dawo, jibi ma haka, har na fara jin faɗuwar gaba in na hango bargon.

Ba wanda ya gaya mini zama na iya yin haka. Sai daga baya na san cewa Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun wallafa bincike a 2017, bayan sun yi hira da masu zama 60 da suka gamu da abubuwa masu wuya: tsoro, firgita, dawowar tsohon tashin hankali, rashin barci, jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. Wasu abin ya daɗe musu har ya taɓa aikinsu da zamansu da mutane. Nawa bai kai can ba, amma ya isa ya koya mini cewa daurewa ba kullum ce amsa ba. Na kira Yaya na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni ma ina jin numfashin nan, ƙanena. Ban taɓa faɗa wa kowa ba." Mun yi fiye da awa muna magana a kan daren da muka shekara shida muna kewaye shi.

Na bar bin numfashi na kusan wata guda. Na mayar da turken tafin hannuwana, ɗuminsu da nauyinsu, wani lokaci kuma sautin da ke kewaye da ni. Na buɗe ido sosai, na rage lokaci zuwa minti goma. In abin ya taso da ƙarfi sai in dubi ɗakin in ambaci abin da nake gani, ƙofa, taga, takalmi, in ya ƙi in tashi. A hankali na koma numfashi, kuma daren yana zuwa har yanzu jefi-jefi, sai dai ya daina shaƙe ni. Wanda ya san yana ɗauke da wani babban tashin hankali, ko yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, ni dai shawarata kada ya shiga dogon zama shi kaɗai ba tare da likita ko malamin da ya san aikin ba.

In aka tambaye ni me na samu, nakan rage murya, domin an cika zuzuta abin nan. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka fitar a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje 47, ya samu matsakaiciyar shaida cewa irin wannan horo yana rage fargaba da baƙin ciki da ciwo, amma bai samu shaidar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba. Barcina ya gyaru, sai dai a tsakanin na rage shan abin da ke hana barci da yamma, na kuma daina kai waya gado, don haka ban san rabon kowanne ba. Abin da na tabbatar nasa ne ƙarami ne. Rannan a wurin aiki mutumin nan na ranar farko ya sake yaɓa mini magana a gaban mutane. Na ji muƙamuƙina ya ɗaure, na ji zafi ya taso daga ciki zuwa wuya, na ga amsar tana haɗuwa a bakina, duk kafin ta fita. Da can sai bayan ta fita nake sanin ta zo. Na ba shi amsa, ba wai na yi shiru ba, amma wadda na zaɓa ce.

Yau shekara ɗaya da wata huɗu. Da safen nan ina zaune 'yata ta biyu, mai shekara shida, ta turo ƙofa ta tsaya tana kallona. Ta san dokar, ba a magana sai agogo ya kaɗa, don haka ta zauna a gefen bargon tana wasa da yatsun ƙafarta. Da ya kaɗa ta ce, "Baba, yau ka kai goma?"

Na ce, "Sau ɗaya. Sauran a bakwai na yi ta ɓacewa."

Ta dube ni da tausayi, ta ja numfashi, ta ƙirga ɗaya zuwa goma a guje ba ta tsaya ba, ta ce, "Ka gani? Gobe zan koya maka."